Taurari cikin ruwa: littafin aikin hoton dare a tafkunan Sakkwato

3 Oktoba 2024

Hoto ɗaya nake nema. Ina son farar hanyar taurarin nan da malamai ke kira Majarra ta fito tsaye bisa tafki, inuwarta kuma kwance cikin ruwa, a dare ɗaya, a ɗauka ɗaya, a ƙasar Sakkwato. Irin wannan hoto ya cika intanet, galibi daga tafkunan Kanada da duwatsun Turai, kuma da yawansu haɗi ne: a ɗauki sama daban, a kifa ta da kwamfuta, a liƙa bisa ruwa. Ni na ɗaure wa kaina sharaɗi cewa abin da ruwa bai nuna ba, ba zan sa masa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Kyamara 'yar gwanjo, ido, wato gilashin gaban kyamara, mai faɗi na milimita 14 da ke buɗewa sosai, har f/2.8, ƙafa-uku mai nauyi, baturan ajiya, sai tocila da na naɗe bakinta da jar leda, domin idon mutum na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin haske ɗaya ya isa ya mayar da shi farko. Kalandar aikin kuwa watan Musulunci ce. Daga 20 ga wata zuwa sama farkon dare babu farin wata, tunda kullum yana ƙara jinkirin fitowa da kusan minti 50, daga 27 zuwa 3 ga sabon wata kuma dare kusan duka na duhu ne. Cikakken duhu na sauka daidai da kiran sallar isha'i, lokacin da shafaƙi ya ɓace.

Jiya na fara da tafkin Kware, don shi ne mafi kusa, kimanin kilomita 20 arewa da birni ta hanyar Illela. Ruwa ya cika bayan damina, sama kuma wankakkiya. Na saita ido da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo, na sa ISO, ma'aunin ƙarfin kama haske na kyamara, a 3200, na bar idon a buɗe daƙiƙa 20. Ba a wuce haka sosai da irin wannan ido, saboda duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, taurari sai su fara jan layi. Majarra ta fito a allon kyamara, amma daga ƙugunta zuwa ƙasa duk ta nutse cikin wani jan haske. Birnin Sakkwato na kudu da Kware, cibiyar Majarra, inda ta fi kauri da haske, ita ma a kudu take, don haka duk mai tsayawa nan yana kallon ta ne ta cikin fitilun birni.

Akwai abu na biyu. Wani dattijo masunci da ya zo duba ƙugiyoyinsa ya tsaya yana kallon abin da nake yi. Na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya ce, "Malam, ruwan ga ba shi kwantawa da wuri. Sai tsakad dare ta wuce, iska ta hwaɗi, sannan kaka ganin tamraro ciki." Na ce, "Baba, ai abin da nike nema na faɗuwa wajen sha ɗaya." Ya ce to sai dai in nemi ƙaramin tafki mai itace kewaye. Na rubuta wannan shawara a shafin farko.

14 Oktoba 2024

Tauraro mai wutsiya ya sa na koma Kware ba tare da jiran duhun wata ba. Sunansa Tsuchinshan-ATLAS, an gano shi a farkon 2023 daga wata cibiyar duba taurari a Sin da wata a Afirka ta Kudu, shekaranjiya kuma ya yi kusantarsa mafi girma da duniya, kusan kilomita miliyan 71. Yana yamma, don haka hasken birni na gefen hagu, bai dame ni ba. Bayan magariba Zara ce ta fara bayyana a kudu maso yamma. Can damarta, sama kaɗan, sai ga shi, kai mai ɗan haske da wutsiya miƙe sama tana guje wa inda rana ta faɗi. Farin wata na bayana, ya haska bakin ruwa da kwalekwalen da ke ɗaure, abin da ya zame mini alheri, don ban bukaci haska gaban hoton da komai ba. Daƙiƙa 6 a ISO 1600 suka wadatar.

Yara sun taru. Ɗaya ya ce kakarsa ta ce idan irin wannan ya fito wani babba zai rasu. Na gaya masa ƙanƙara ce da ƙura da zafin rana ke narkarwa, rai da mutuwa kuma na hannun Allah. Suka yi layi suna leƙa allon ɗaya bayan ɗaya, wanda ya leƙa sai ya ɗaga kai ya neme shi da idonsa.

2 Nuwamba 2024

Na je Goronyo da rana don duba wuri. Madatsar na kan gulbin Rima, an kammala ta a 1984, an gina ta ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, kuma da ita birni ke dogaro wajen ruwan sha da noman rani. A ranin 2018 an ba da rahoton ruwanta ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Bana dai ta cika, idonka ba ya kai wa ɗaya gaɓar a wasu wurare. Faɗin ne matsalarta a wurina: iska na samun filin gudu, ruwan kullum cikin ƙananan igiyoyi yake. Abokin da ya raka ni, ɗan garin ne, ya ce kada in sa ran kwana a bakin ruwa a halin da gabashin jihar ke ciki na 'yan bindiga. Na bi maganarsa, la'asar ta same ni a hanyar gida.

Da dare daga soron gida na ga Kaza da 'Ya'yanta ta fito gabas tun kafin isha'i. Majarra ta kudu ta gama nata na bana, tana bin rana ƙasa.

15 Disamba 2024

Hazo ya sauka. Da rana ana iya kallon rana kai tsaye, fara fat, da dare kuma taurarin da ke tsakar ka kawai ake gani, duk abin da ke ƙasa da rabin sama ya shafe. Ruwan taurari na Jeminid ya kai ƙololuwarsa daren 13 zuwa 14, amma ga hazo ga wata ya kusa cika, 'yan ƙalilan masu ƙarfi na gani suna yankawa. Mafi yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, gindin wani tsohon babban tafki da ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ke kwaso ta har nan. Tana da laushi ƙwarai, tana shiga inda yatsa ba ya shiga. Na daina canza ido a waje, kyamara kuma cikin leda mai zif take kwana.

30 Janairu 2025

Hazo ya ɗaga kwana biyu, wata kuma ya mutu jiya, sai na nufi Kalmalo a ƙasar Illela, dab da iyakar Nijar. Na sauka gidan wani ɗan'uwan abokina, da yamma ya kai ni gaisuwa wurin mai gari. Wannan ƙa'ida ce da ba na tsallakewa: baƙo da ƙafa-uku cikin duhu a bakin ruwa, a wannan zamani, tilas mutanen gari su san ko wane ne shi da abin da ya kawo shi. An haɗa ni da samari biyu.

Tafkin ya ja baya, inda ruwa ya bari an cike shi da albasa da tumatir, injinan ban ruwa na ta ƙugi har bayan isha'i. Tunda babu Majarra ta kudu a wannan lokaci, na juya arewa. Tauraron arewa a nan bai fi digiri 13 da 'yan kai bisa ƙasa ba, daidai da nisanmu daga layin tsakiyar duniya, don haka yana shiga hoto ɗaya da ruwa cikin sauƙi, abin da mai ɗauka a Turai ba ya samu sai ya ɗaga kyamara sama. Na saita ta tana ɗauka a jere, daƙiƙa 30 kowane, har awa biyu, don in haɗa su taurari su zana da'ira kewaye da shi. Hasken Ƙonni ya ɗan taso a ƙasa amma bai kai gare shi ba. Sanyi ya cinye batir da wuri, na ajiyar cikin aljihun ciki na ɓoye shi don ya riƙe ɗumi.

Muna jira sai mahaifin mai masaukina ya zo da bargo a kafaɗa ya zauna. Ya tambaye ni ko na san taurarin da nake ɗauka. Na ambaci Suhailu da ke can kudu da 'yan kaɗan. Sai ya fara jero manzilolin nan 28, masaukan wata a cikin taurari, da ka, Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, har ƙarshe, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, shekara ta cika 365. Da su yake sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke. Ya ce, "Ɗana, mu da munka tashi ba mu da agogo. In Kaza ta kai nan," ya nuna da sanda, "mun san dare ya raba." Na buɗe manhajar Stellarium a waya na nuna masa Haƙ'a, 'yan taurari uku da ke bisa kan rukunin taurarin Jauza'u, ya ce ai ya san su tun kafin a haifi ubana. Samarin da ke tare da mu ba su taɓa jin sunayen ba. Na roƙe shi ya maimaita, na naɗi muryarsa da izininsa, kuma a ganina wannan naɗin ya fi hoton daren daraja.

20 Maris 2025

Azumi ya kama 1 ga wata bisa sanarwar Sarkin Musulmi. Yanzu cibiyar Majarra na fitowa gabas bayan tsakar dare, lokacin sahur tana sama. Goman ƙarshe ta shigo, kyamara na cikin jaka sai bayan salla.

28 Afrilu 2025

Na sami tafkin da dattijon Kware ya kwatanta. Ƙarami ne, a ƙasar Yabo, kudu da birni, cikin wani kwari da gawo da giginya suka kewaye. Mai garin ya yarda in yi aiki bisa sharaɗin kada in bayyana sunan wurin, na kuma ɗauki alkawari. Daga nan hasken Sakkwato na bayana, kudu kuwa baƙi ƙirin.

Da misalin sha ɗaya saura na ga taurari huɗu na Gicciyen Kudu tsaye bisa giginyu, mafi ƙasansu digiri 14 kawai bisa ƙasa, ga manyan taurari biyu na Kanturi na biye da su daga hagu. Na gabas cikin biyun shi ne rukunin da ya fi kusa da ranarmu, haskensa na yin shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso. Mutanen Turai ba su ganin waɗannan sam, mu kuma muna da su duk bazara bisa rufin ɗakunanmu.

Wajen ƙarfe 4 cibiyar Majarra ta kai tsakiyar tafiyarta, digiri 48 sama, ruwa kuma ya kwanta kamar madubi. A sama hoton ya fito da kyau, baƙaƙen jijiyoyin ƙurar da ke raba ta biyu duk sun bayyana. A cikin ruwa kuwa sai jan tauraron Ƙalbu, zuciyar rukunin taurarin kunama, da 'yan uwansa na wutsiyar kunama. Dalilin a ruwan yake. Hasken da ya faɗo masa daga sama kai tsaye kashi 2 cikin 100 kawai yake mayarwa, sauran ya haɗiye. Sai hasken ya zo a kwance yake mayar da mai yawa: abin da ke digiri 20 bisa ƙasa ana samun kusan kashi 1 cikin 8 na haskensa, wanda ke digiri 10 kuma kusan kashi 1 cikin 3. Ke nan ina bukatar Majarra ta sauko ƙasa, sama kuma ta zama wankakkiya har gindinta, abin da bazara ba ta bayarwa, don ƙura na nan kwance a gefen sama.

Zafi ma ya yi nasa. Dare bai huce ba, farantin ɗaukar haske na kyamara ya ɗumama, hotuna suka cika da ɗige-ɗige ja da kore. Na riƙa kashe ta tsakanin ɗauka, na kuma ɗauki wasu da murfi a rufe don kwamfuta ta gane ɗigon zafi ta cire su. Kafin assalatu Gamzaki ya fito gabas da haske har yana jan layi bisa ruwa. Shi ne dai Zarar da na ɗauka tare da mai wutsiya a Oktoba, ta ratsa tsakaninmu da rana a Maris ta koma fitowar asuba.

24 Yuni 2025

Damina ta kankama. A wannan wata Majarra na sama dare duka, hadari kuma na rufe ta dare duka. Sau da yawa sama na buɗewa bayan ruwa, amma hanyar kwarin ta zama laka, babur ba ya shiga.

Tafkin da zuciyata ta fi so shi ne Tafkin Kwato a ƙasar Gudu, inda a watan Yuni 1804 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. A irin wannan wata ne, taurarin da suka kwana bisa waɗancan mutane su ne ke sama yanzu, a wuraren da suke. Babu ɗalibin tarihi a Sakkwato da bai san sunan ba, amma kaɗan ne suka taɓa ganin wurin ko a hoto. Duk wanda na tuntuɓa amsa ɗaya ce: da Lakurawa a dazukan Gudu da Tangaza, ko da rana sai da dalili mai ƙarfi, balle dare. Abin na ci mini rai, kuma na san nawa ƙarami ne idan aka auna da na manoman da ba su iya zuwa gonakinsu can. Sunan na nan a jerin wurarena, ban goge ba.

7 Satumba 2025

Husufin wata, a makon Mauludi. Kamun ya cika tun 6:30 na yamma, wata bai fito mana ba sai wajen 7 saura kwata, don haka ya fito ne riga an kama shi, sai 7:52 gefensa ya fara buɗewa. Na tsaya gaɓar yamma ta tafkin Kware ina fuskantar gabas. Da farko gajimare da sauran hasken magariba sun ɓoye shi. Da duhu ya ƙaru sai ya bayyana ta wata kafa, ja mai duhu, launin da hasken rana ke ɗauka idan ya ratsa iskar duniya ya lanƙwasa cikin inuwarta. Daga ƙauye ana jin yara na kaɗa gwangwani, masallaci kuma an tada sallar husufi. Na ɗauki abin da ya samu cikin 'yan mintoci, na rufe kyamara na bi sahu.

22 Satumba 2025

Alhamdu lillahi, jiya an samu.

An yi ruwa da hantsi a ƙasar Yabo, la'asar ta yi garau, iska ta tsaya cak tun kafin magariba. Tafkin ya ninka girmansa na bazara, bado ya rufe gefen gabas, sai da Sarkin Ruwa ya sa yaronsa ya kai ni wani lungu a gaɓar arewa maso gabas inda ruwa ke fili. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, alfarma ɗaya nike roƙo, kada a shiga ruwa da tocila daga isha'i zuwa sha ɗaya." Ya ce, "An gama, Malam. Yau kihi shi huta." Masunta uku suka jinkirta fitarsu saboda ni, na kuma biya su abin da muka daidaita, don daren nasu ne.

Na nutsa ƙafafun ƙafa-uku cikin laka har idon kyamara ya rage taƙi ɗaya bisa ruwa. Raɓa ce abokiyar gaba a wannan wata, cikin minti kaɗan take lulluɓe gilashi, don haka na ɗaura masa ƙyallen ɗumi da ke jan wuta daga batirin cajin waya. Sauro da kwaɗi ba a magana. Kwaɗon da ya faɗa ruwa kusa yana ɓata ɗauka guda, sai a jira da'irar ta mutu.

Ƙarfe 9 Majarra na tsaye a kudu maso yamma, cibiyarta digiri 30 da ɗoriya, inuwarta a ruwa da ƙyar ake gane ta. Na jira. Wajen 10 ta sauko kusa da digiri 20, daidai bisa wani gawo da ya zubar da ganyensa kamar yadda yake yi kowace damina, rassansa tsirara ba su tare komai. Na ɗaga ISO zuwa 6400, daƙiƙa 25. Da allon ya haska sai ga ta biyu, ta sama da ta ƙasa, sun haɗu a gindin gawon. Ta ruwan ta fi duhu nesa, taurarinta sun ɗan miƙe saboda numfashin ruwan, amma baƙar jijiyar tsakiya ta fito, har da kumburin cibiyar da haskenta ya yi shekara kusan 26,000 a hanya. Yaron Sarkin Ruwa ya leƙa, ya dubi tafkin, ya sake leƙawa, ya ce, "Yaya, wanga duk cikin ruwanmu shike?"

Yau na gwada tara hotuna da yawa da manhajar Sequator don rage ɗige-ɗige, yadda aka saba. Manhajar na bin taurarin sama ta daidaita su, amma na cikin ruwa na tafiya ta wata fuskar daban, sai suka goge. Don haka ɗauka ɗaya zan tsaya a kai, da ɗige-ɗigenta. Na gyara haske da launi kaɗan, ban taɓa ruwan daban da sama ba. Wani abokin sana'a ya ce in ƙara wa inuwar haske ta yi daidai da ta sama, za ta fi jan ido. Na ƙi, domin duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki da dare ya san ruwa ba ya mayar da abin da aka ba shi duka.

24 Oktoba 2025

Na wanke hoton babba guda biyu, na kai wa mai gari ɗaya, Sarkin Ruwa ɗaya. Sarkin Ruwa ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna wani ɗan haske a gefen dama ya ce wutar makiyaya ce a tudun yamma, ya ma faɗi ko rugar wa ce. Ya kuma gaya mini ana maganar kafa fitilun sola a hanyar da ta gangaro kwarin. Garin na bukatar su, mata na zuwa ɗiban ruwa da asuba. Na roƙi mai gari idan abin ya tabbata a sa masu hula da ke mayar da haske ƙasa, ya ce zai faɗa wa masu aikin.

Abin da ya rage: in koma Kalmalo in kammala naɗin manzilolin da bayanin kowanne, in kuma ɗauki hoton kowace manzila a sama don a haɗa da muryar. Jeminid na bana zai zo daren 13 zuwa 14 ga Disamba, wata ba zai fito ba sai wajen ƙarfe 2, kuma siriri ne. Na riga na nemi izinin kwana biyu a tafkin Yabo, idan hazo ya yi sauƙi.